Abin da ke ƙara wa furotiyes na fumfuna kaifi da abin da ke dakushe shi

A ƙasar Japan akwai wata fumfuna mai suna Aspergillus oryzae wadda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana renonta da gangan a kan hatsi, kuma hatsin da ta lulluɓe shi ake kira koji. Masu haɗa shoyu, wato baƙin romon waken suya da ake ɗanɗana abinci da shi, da ita suke aiki, haka ma masu giyar shinkafa. Sai dai idan aka leƙa ɗakunan renon nasu za a tarar kowa da irin ɗumin da yake so. Mai shoyu yana ta fama da juya tarin wake da alkama, yana hura masa iska don kada zafinsa ya yi nisa da digiri 30 a ma'aunin Salshiyos, shi kuwa mai giya yakan bar shinkafarsa ta hau har wajen digiri 40 kafin ya kwashe. Fumfunar ɗaya ce, amma idan ɗumin ya yi ƙasa takan yawaita enzayim ɗin da ke narkar da furotin (enzayim sinadari ne da mai rai ke ƙerawa don ya hanzarta irin wannan aiki), idan ya hau kuma sai ta karkata ga wanda ke mayar da sitaci sukari. Mai shoyu ɗanɗanon da ke ɓoye cikin furotin ɗin wake yake nema, mai giya kuwa sukari yake so, kuma dukansu da tafin hannu da hanci suka gano wannan tun kafin a san mene ne enzayim.

Enzayim ɗin da mai shoyu ke lallaɓawa shi ne furotiyes. Furotin dai doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, masu iri 20, an jera su kamar 'ya'yan carbi sannan aka nannaɗe sarƙar ta ɗauki wata siffa ta musamman. Aikin furotiyes shi ne ya tsinka mahaɗin da ke tsakanin ɗa da ɗa ta hanyar cusa ƙwayar ruwa a wurin. Fumfuna ba ta da baki kuma ba ta da ciki, saboda haka a waje take narkar da abincinta: zare-zarenta su kutsa cikin wake ko fata ko jikin ƙwaro, su tsarto enzayim daga tsininsu, sannan su tsotse gutsattsarin da aka yanka. Wannan ne ya sa masana'antu ke son ta, domin enzayim ɗin yana fitowa waje da kansa, ba sai an farfasa komai kafin a tattara shi ba. Lokacin da aka kammala karanta ƙwayoyin gadon Aspergillus oryzae a shekarar 2005 an tarar tana da wajen 12,000, kuma fiye da 100 daga ciki na furotiyes ne.

Idan aka ce wani furotiyes yana da inganci, tambayoyi uku ne ake cakuɗawa wuri guda, kuma a ganina yawancin ruɗanin da ake samu a wannan fanni daga cakuɗawar yake tasowa. Akwai yawan enzayim ɗin da fumfunar ta ga damar fitarwa, akwai saurin da enzayim ɗin ke yanka da shi bayan ya fito, akwai kuma tsawon lokacin da zai ɗauka yana aiki kafin ya lalace. Yanayin da ya dace da ɗaya sau da yawa yakan cuci sauran biyun.

Mu fara da tsami, domin shi ne ya raba furotiyes gida-gida. Ana auna shi da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14: lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ke ƙasa da ita mai tsami ne, kamar ruwan lemon tsami da ke wajen 2, abin da ke samanta kuma yana ɓangaren kanwa da ruwan toka. Tazarar lamba ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ce, don haka tsakanin pH 4 da pH 7 akwai bambanci ninki dubu. A jikin kowane furotiyes akwai wani ɗan gurbi inda yankan ke faruwa, kuma amino asid biyu ko uku ne kawai ke yin ainihin aikin a nan. A gidan da ake kira na asfatik, amino asid biyu iri ɗaya ne ke fuskantar juna, kuma dole ɗaya ya riƙe ƙwayar haidirojin ɗaya kuma ya saki tasa kafin su iya kama ruwa su soka a mahaɗin. Wannan daidaito a cikin tsami yake samuwa, galibi tsakanin pH 3 da 5. A gidan serin kuwa akwai wani amino asid mai suna histidin da ake buƙatar ya kasance hannunsa sake don ya karɓi haidirojin daga maƙwabcinsa, kuma da zarar tsami ya yi yawa sai hannun nasa ya cika tun kafin aiki ya zo, enzayim ɗin ya tsaya cik. Shi ya sa 'yan wannan gida suka fi kuzari daga pH 7 zuwa 11. Gida na uku, mai riƙe da ƙwayar ƙarfen zink a gurbinsa, ya fi son tsaka-tsaki, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa idan aka kauce masa ko ta wane ɓangare.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne fumfunar da kanta tana jin tsamin wurin da take, kuma tana zaɓen enzayim ɗin da za ta fitar daidai da shi. Binciken da Herbert Arst a Landan da Miguel Peñalva a Madrid suka jagoranta a kan Aspergillus nidulans ya nuna cewa akwai wani furotin mai suna PacC da ke zaune a rufe cikin ƙwayar halittar fumfunar muddin wurin yana da tsami. Da zarar wurin ya koma ɓangaren kanwa, sai saƙo ya taso daga fatar ƙwayar, a datse wutsiyar PacC har sau biyu, ya shiga inda ƙwayoyin gado suke, ya kunna na enzayim ɗin da ke aiki a kanwa ya kuma danne na masu aiki a tsami. Datsewar farko wani furotiyes ne na cikin gida ke yin ta. Ma'anar wannan ga mai reno ita ce, wanda ya zuba fumfuna a ruwa mai tsami yana jiran furotiyes na kanwa ya ɓata lokacinsa, ko da kuwa fumfunar tana da ƙwayar gadonsa.

Kuma fumfunar ba ta barin tsamin yadda ta same shi. Aspergillus niger, baƙar fumfunar nan da ake gani a jikin albasa, takan zubar da asid har ruwan da take ciki ya sauka wajen pH 2 ko 3, inda furotiyes nata na asfatik ke jin daɗin aiki kuma kishiyoyinta ba sa iya rayuwa. Wasu kuma akasin haka suke yi: idan suna cin furotin sukan saki amoniya, wurin ya riƙa hawa sannu a hankali zuwa ɓangaren kanwa. Saboda haka lambar da mai bincike ya daidaita a ranar farko ba lallai ita ce a rana ta uku ba, kuma rahoton da ya ambaci tsamin farko kaɗai bai faɗi wanda enzayim ɗin ya yi aiki a cikinsa ba.

Bayan tsami sai yunwa. Ƙera enzayim yana cin kuzari, fumfuna kuwa ba ta yin asara. Idan akwai amoniya ko wani naitirojin mai sauƙin tsotsa a kusa, wani mai kula da ƙwayoyin gado da ake kira AreA yakan daina aiki, sai fitar furotiyes ta ragu ƙwarai. Idan kuma gulukos ya wadata, wani mai suna CreA yakan danne enzayim ɗin da ake narkar da abinci mai wuya da su. Yis ɗin nan mai sa farar cuta a baki da al'aura, Candida albicans, yana da furotiyes na asfatik guda 10, kuma babbansu a ɗakin gwaji ba ya fitowa sai an hana shi kowane naitirojin in ban da furotin. Nan ne sabon mai reno ke yawan yin kuskure: ya ga fumfunarsa ta yi kauri ta cika kwalba saboda ya wadata ta da sukari da gishirin amoniya, ya auna enzayim ya tarar kusan babu. Dusar alkama ta yi suna a wannan aiki ne don tana ba da abin da zai ishi fumfunar ta tsiro ba tare da ta ƙoshi ba, tana da furotin da zai tsokane ta, kuma ba ta dunƙulewa ta toshe iska.

Zafi shi ne inda alƙaluma suka fi yaudara. Kamar kowane aikin sinadari, yankan furotin yana ƙara sauri idan ɗumi ya ƙaru, kusan ninki biyu a kowane ƙarin digiri 10. Amma shi kansa enzayim furotin ne, kuma raunanan ɗauri ne ke riƙe da siffarsa; idan zafi ya kai wani matsayi sai naɗin ya warware, gurbin yankan ya rushe, kuma yawanci ba ya komawa. Abin da ake bugawa a matsayin zafin da ya fi dacewa, wanda ga furotiyes na fumfuna yakan faɗo tsakanin digiri 40 da 60, mahaɗar waɗannan abubuwa biyu ce kawai a cikin ɗan lokacin da aka yi gwajin. Yadda aka saba gwajin shi ne a haɗa enzayim da furotin ɗin madara na wajen minti 10, a tsayar da aikin da asid, a auna abin da ya narke. Enzayim ɗin da ya yi fice a digiri 55 cikin minti goma yana iya mutuwa kafin awa ɗaya ta cika a wannan zafin, alhali a digiri 40 zai wuni yana yanka, jimillar aikinsa ta ninka. Akwai kuma wata matsala da furotiyes ya keɓanta da ita a cikin enzayim: da ɗaya ya fara warwarewa, sai 'yan'uwansa su gan shi a matsayin abinci su cinye shi. Duk lambar zafi da ba a haɗa ta da tsawon lokaci ba, ni ban cika ba ta muhimmanci ba.

Ita fumfunar nata zafin daban ne da na enzayim ɗinta. Aspergillus oryzae ta fi girma a wajen digiri 30 zuwa 35, kuma idan aka haura 40 da kaɗan sai ta fara galabaita. Matsalar ita ce ita ce ke haifar da zafin da ke kashe ta. A ɗakin koji, bayan wajen awa 18 zuwa 20 da yayyafa ƙurar irinta, tarin waken yakan fara ɗumama da kansa saboda numfashinta, zare-zaren su ɗaure ƙwayoyin waken su zama curi, iska ta kasa ratsawa, tsakiyar tarin ta fi gefensa zafi nesa ba kusa ba. A nan ne ma'aikaci ke zura hannu ya wargaza curin, ya baza, ya sake tarawa, kuma yakan maimaita bayan wasu sa'o'i. Ruwa ma haka yake da iyaka ta ɓangare biyu: idan laima ta gaza fumfunar ba ta yaɗuwa, idan ta yi yawa sai ta cike ramukan da iska ke bi, bakteriya su samu wurin zama. Duk wanda zai gwada irin wannan reno a kan dusa ko tunkuza a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa kansa kan haura digiri 40, babban aikinsa sanyaya tarin ne. Ya kuma kamata ya sani cewa koriyar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara a rumbu, Aspergillus flavus, 'yar'uwar ta koji ce ta kusa ƙwarai har ido ba ya rarrabe su, amma ita tana fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. Iri daga hannun da aka tabbatar ake samowa, ba a kankaro shi daga rumbu.

Bayan kwana biyu zuwa uku sai mai shoyu ya yi abin da a ido kamar ɓarna ne: ya juye kojin cikin ruwan gishiri mai ƙarfi, har gishirin ya kai wajen kashi 17 cikin 100 na haɗin. Fumfunar ba ta daɗewa take mutuwa. Gishirin yana rage ƙarfin furotiyes ɗin sosai, domin yana janye ruwan da ke kewaye da shi yana kuma dagula cajin lantarkin da ke jikinsa. Amma gishirin ne ke hana haɗin ruɓewa, kuma ɗan ƙarfin da ya rage wa enzayim ɗin ya isa, tunda an ba shi wata shida ko fiye yana tsinka wake a hankali, wasu suna sara daga tsakiyar sarƙa wasu suna cire amino asid ɗaya-ɗaya daga bakinta, har gulutamet, amino asid ɗin da ke ba romon daɗinsa, ya taru. An sayar da sauri an sayi lokaci. A ƙarshe kuma a dafa romon don a kashe enzayim ɗin da ya saura.

Ƙarafa da masu toshewa ba sa buƙatar dogon bayani. Kalsiyam yana ɗaure siffar furotiyes na serin da yawa ya sa su jure zafi, zink kuma idan aka zare shi da sinadarin EDTA sai enzayim ɗin da ya dogara da shi ya mutu nan take. Masu bincike da irin waɗannan suke gane gidan enzayim: wanda sinadarin PMSF ya tsayar na serin ne, wanda sinadarin pepstatin ya tsayar na asfatik ne. Wanda ya fita zakka shi ne Proteinase K, wanda aka samo daga fumfunar Tritirachium album a Jamus a shekarar 1974. Sabulun SDS da ke kashe yawancin enzayim shi ƙara masa aiki yake yi, domin yana warware furotin ɗin da ake son yankawa ya bar shi kansa a tsaye, kuma wannan ne ya mayar da shi kayan aikin yau da kullum wajen ciro DNA daga jini ko tsoka.

Wannan ya kawo mu ga abin da ake yankawa, wanda sau da yawa ake mantawa da shi. Furotin ɗin da ke naɗe tam ba ya shiga gurbin enzayim, shi ya sa ake turara waken suya kafin a ba fumfunar: turarawar tana warware furotin ɗin, tana kuma kashe wasu sinadarai da ɗanyen wake ke ɗauke da su masu toshe furotiyes. Keratin na gashi da farce da gashin tsuntsu ya fi kowane tauri, saboda gadojin farar wuta da suka ɗinke sarƙoƙinsa da juna. Fumfunar da ke sa makero, dangin Trichophyton, tana da furotiyes masu yawa, amma su kaɗai ba sa iya cin gashi. Sai ta fara zubar da sinadarin salfayit ya tsinka gadojin, keratin ɗin ya saki jiki, sannan enzayim ɗin ya samu shiga. Idan aka tace enzayim ɗin aka zuba masa gashin kaza shi kaɗai za a ce ba shi da ƙarfi, alhali abokin aikinsa ne aka bari a baya.

A sana'ar cuku ma ƙarfi ba shi ne abin nema ba. Tun asali da enzayim ɗin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madara a Turai, kuma gwanintarsa ita ce wuri ɗaya tak yake sara a jikin furotin ɗin kappa-kasin, tsakanin amino asid na 105 da na 106, sannan ya kusan barin sauran. Da tumbin maruƙa ya yi ƙaranci a shekarun 1960, Kei Arima da abokan aikinsa a Japan suka samo madadi daga fumfunar da yanzu ake kira Rhizomucor pusillus, daga baya kuma na Rhizomucor miehei ya mamaye kasuwar irin wannan madadi. Su ma wurin nan suke sara, amma ba sa tsayawa a nan: suna ci gaba da ɓalle wasu gutsattsari, wanda ke rage yawan cukun da ake samu ya kuma sa ɗaci a cukun da ake ajiyewa watanni. Na miehei yana da wani aibin, wato jure zafi, domin fumfuna ce mai son ɗumi. Ruwan da ke tsatsowa daga cuku ana busar da shi a yi wasu kayan abinci, kuma enzayim ɗin yakan tsallake dafawar da ake yi wa ruwan ya ci gaba da ɓarna a can. Maganin da masana'antu suka samo shi ne su raunana shi da gangan da sinadarin da ke ƙona wasu amino asid na jikinsa, don ya mutu da wuri.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin yaƙi da fara. Shirin LUBILOSA, wanda aka fara a 1989 tare da cibiyoyin bincike a Kwatano da Yamai, ya samar da maganin feshi mai suna Green Muscle daga fumfunar Metarhizium acridum, kuma irin da aka yi amfani da shi daga jikin wata fara da aka tsinta a Nijar aka samo shi. Ƙurar irin takan manne a ɓawon fara, ta tsiro, ta huda ɓawon, wanda mafi yawansa furotin ne. Babban makamin dangin Metarhizium a wannan huda shi ne wani furotiyes na serin mai suna Pr1, kuma duk abin da aka ambata a sama yana aiki a kansa: ba a fitar da shi sai fumfunar ta ji yunwa a kan ɓawon, kuma an nuna cewa takan saki amoniya ta ɗaga pH na wurin zuwa inda enzayim ɗin ke so. Farar ma tana da nata martani. Idan ta kamu takan hau kan kara ta shanya jikinta a rana har zafinsa ya kai digiri 40 ko fiye, inda fumfunar ke daina girma, sai da dare idan jiki ya huce ta ci gaba. Wannan na cikin dalilan da suka sa maganin kan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin fara ta faɗi, jinkirin da ke da wuyar haƙuri ga manomin da ke kallon geronsa.

A 1996 Raymond St. Leger da abokan aikinsa a Amurka suka ƙara wa Metarhizium anisopliae kwafin ƙwayar gadon Pr1, suka sa ta riƙa fitar da shi ba tsayawa har a cikin jinin ƙwaron. Tsutsar taba da suka gwada a kanta ta mutu da wuri, lokacin ya ragu da kashi 25 cikin 100, abincin da ta ci kuma ya ragu da kashi 40. Amma yawan enzayim ɗin ya tayar da garkuwar jikin tsutsar gaba ɗaya, gawarta ta yi baƙi ƙirin, kuma a kan irin wannan gawa fumfunar ba ta iya fitar da isasshen irin da zai kama ƙwaro na gaba.